Na kai kwamfutocin shagona Adum an saka musu Windows da Office na asali, ga yadda na samu shagon

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda na canja tsarin kwamfutocin shagona mutane ke ta tambayata ina na kai su kuma yaya aikin yake, musamman masu irin sana'ata ta taifin da firintin a nan Aboabo da Asawase a Kumasi, toh gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Shagon dai ya yi min, zan sake komawa kuma zan iya tura nawa can hankali kwance. Amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba a wajensu, akwai kuma wanda ba laifin shagon bane, shi tsarin aktibeshan ɗin ne, wato tabbatar da lasisin manhaja, haka yake, kuma shine ma ya fi tsaya min a rai har yanzu. Ba zan sa sunan shagon ba saboda Alhajin da ke da shi bai ce in yi masa talla ba, yana dai cikin Adum ta wajen PZ inda ake sayar da wayoyi, hawa na sama, wanda ke so ya tambaye ni in kwatanta masa.

Duk wanda ya san aikinmu ya san abin da ke cikin kwamfutar mai taifin ba nasa bane, na jama'a ne. Hoton Ghana Card gaba da baya, fasfon maniyyata aikin hajji, takardun fili, wasiƙar neman biza haɗe da bayanin asusun banki, jarabawar makarantun islamiyya kafin ranar rubutawa, har takardar rabon gado wani lokacin malamai kan kawo a buga musu ita tsaf. Mutum ya miƙo maka fulash ko ya turo ta WhatsApp ya yi gaba abinsa, bai taɓa tambayarka me ke gudana a cikin na'urar ba saboda ya yarda da kai. Amana ce wallahi. Kuma ko a doka, tun 2012 Ghana ke da dokar kare bayanan mutane, Act 843, ita ta kafa Data Protection Commission, ta ɗora wa mai riƙe bayanan wasu nauyin tsare su, ba ta ce sai banki ko asibiti kaɗai ba.

Yadda muka saba a garin nan kuwa kowa ya sani. Ka sayi laftof hom-yus, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita a ƙasar waje, yaron shago ya zaro fulash daga aljihu, kafin ka gama gaisawa da maƙwabtansa ya cika maka ita da Windows da Office da Corel da Photoshop, ka ba shi na shan ruwa, shikenan. Nawa ma haka suke, wani shago daban ne ya saka min shekarun baya. In ka lura, kafin su danna ɗan kirak ɗin nan, wato manhajar da ke buɗe Windows da Office ba a biya ba, sai sun kashe antibairos tukuna, in ka tambaya su ce ai shi antibairos ɗin ne ke da fitina yana hana aiki. Bayan wasu watanni sai ka ga rubutun nan ya fito a kusurwar allo ta ƙasa, Activate Windows, ko Word ya fara nuna jan layi a sama, ka sake ɗaukar na'ura ka hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, ka koma, a sake kashe antibairos a sake dannawa.

Mafi yawan kirak ɗin da ke yawo kwaikwayon wani tsari ne da ake ce wa KMS. Microsoft ta yi shi ne don manyan kamfanoni da jami'o'i masu kwamfutoci da yawa, suna da saba tasu, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, a cikin gida, kowace kwamfuta ta tuntuɓe ta a ba ta izinin kwana 180, tana kuma ƙoƙarin sabuntawa duk kwana 7. Shi kirak sai ya yi shigar wannan sabar a cikin na'urarka ya yaudari Windows. Kun ga kenan dole ya zauna a ciki da cikakken iko, kuma dole a gaya wa antibairos kar ya taɓa shi. Wa ya haɗa shi, me ya ƙunsa a ciki bayan aikin da aka ce yana yi, yaron da ya saka maka ma a intanet ya sauke ko wani ya kwafa masa. A Disamban 2021 wani kamfanin tsaron intanet na Amurka mai suna Red Canary ya fitar da rahoto cewa ana ɓoye wata muguwar manhaja, Cryptbot, a cikin jabun KMSpico, wani sanannen kirak, aikinta kwashe kalmomin sirrin da mutum ya adana a burawza da sauran bayanai ta aika wa masu ita, kuma Windows ɗin zai nuna ya yi aktibet lafiya lau don kar ka zargi komai. Ni dai a wurina bai da maraba da ka miƙa wa wanda ba ka sani ba wayarka da lambar sirrin MoMo, wato kuɗinka na cikin waya, ka ce ya taimaka ya cire maka kuɗi.

Toh na kai laftof ɗaya da destof ɗaya da wata tsohuwar na'ura. Wani matashi ne ya karɓe ni, ɗan Zango ne da Hausarsa garau, tun daga gaisuwa yake ce min Anti. Abin da ya fara burge ni, bai hau fomatin kai tsaye ba. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya buga slmgr /xpr ya danna, sai ya juyo min da laftof ɗin ya ce Anti karanta da kanki. Wani ɗan akwati ne ya fito yana nuna ranar da aktibeshan ɗin zai ƙare. Ya ce in lasisin naki ne na kanki ba za ki ga rana ba, cewa zai yi na dindindin ne. Kowa zai iya gwada wannan a gida yau ɗin nan ya san matsayin na'urarsa, ba ya ɓata komai. Sai ya sake duba wani abu ya ɗago kai ya ce, Anti wannan ba sai kin sayi komai ba fa, tana da lasisinta tun daga inda ta fito. Na ce ƙanena ka tabbata? Ya ce zauna ki gani. Ya goge komai ya saka sabon Windows 11 da aka sauke daga shafin Microsoft, bai buga ko harafi ɗaya na mabuɗin lasisi ba, yana haɗa ta da intanet ta yi aktibet da kanta.

Ashe tun zamanin Windows 8, wato 2012, kamfanonin da ke ƙera kwamfuta irin su Dell da HP da Lenovo sun daina manna sitika mai lamba a ƙasan laftof, a cikin madabod, wato babban faifan da ke cikin na'urar, ake dasa mabuɗin. Laftof ɗin hom-yus da ake kawo mana daga Turai da Amurka da yawansu na ofis ne, da lasisinsu suke zuwa, an riga an biya kuɗinsa tun can. Sai a zo nan a ɗora musu kirak a kan halal ɗinsu, ko dai don fulash ɗin yaron iri ɗaya ne da shi ga kowa, ko kuma na'urar lasisin Windows nau'in Home gare ta shi kuma nau'in Pro ya saka, bai dace ba, sai ya ce ai ba ta da lasisi. Wannan matashin da ya so da ya sayar min da mabuɗi ya sa kuɗin a aljihu, babu yadda za a yi in gane. A nan shagon ya saye ni gaskiya. Masu tsohuwar sitikar Windows 7 dai kar ku sa rai, tun Satumban 2023 Microsoft ta rufe hanyar amfani da ita a hau Windows 10 ko 11 kyauta.

Destof ɗin kuwa haɗin gida ne, ba ta da komai a ciki, dole aka saya mata. Anan ne aljihu ya ji a jikinsa. Farashin Microsoft kanta a lokacin dala 139 ne na Home, Pro kuma wajen dala 199, ka juya shi zuwa sidi ka ji yadda yake ga mai buga takarda shafi-shafi. Office ma ya gaya min gaskiya tun kafin in biya, ya ce Office Home 2024 mai wajen dala 150 lasisinsa na amfanin gida ne, mai sana'a Home and Business ya kamata ya ɗauka, shi kuma wajen dala 250 ne. Na tambaye shi mabuɗan nan da ake tallarsu a sitatus na WhatsApp da kuɗin da bai taka kara ya karya ba fa? Ya ce su ba sa sayarwa, yawanci lambobin da aka ba kamfanoni ko makarantu ne wani ya fitar yana rabawa mutane da yawa, zai iya kamawa yau, ranar da aka toshe lambar kuma ba ka da wanda za ka riƙe. Araha ba ta ado. Sun ba ni rasit mai tambarin shago da sunan abin da na saya a rubuce, da mabuɗin mai haruffa 25 a hannuna, ba wai a buga min a ɓoye a ce an gama ba.

Ban ga laifin kamfani ya nemi haƙƙinsa ba, mu ma in an buga aiki ba a biya ba mun san zafin, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, Act 690, ta haɗa har da manhajar kwamfuta. Tambayata ɗaya ce, lokacin da na'urar ta ce tana tabbatar da lasisi, me take aikawa can? Na tambayi matashin, ya gaya min iya abin da ya sani, na dawo gida kuma na zauna na karanta da kyau. Abin ya zama ruwan dare ne a 2001 da Office XP da Windows XP. Kafin nan lambar CD kawai za ka buga, faifai ɗaya ya zagaye unguwa. Da XP sai aka ce kwana 30 gare ka, ko ka yi aktibet ko ta ƙi buɗe maka. Na'urar kan duba kayan cikinta guda 10, irin su furosesa da had disk da katin netwok da girman RAM, ta niƙa bayanin ya koma gajeriyar lamba, ta haɗa da lambar lasisin ta aika. Wanda ba shi da intanet ya buga waya ya karanta lambobi 50, a karanto masa 42 ya shigar. Mutane sun yi ta tsoro a lokacin, har wani kamfanin Jamus mai suna Fully Licensed ya warware lambar nan a Yulin 2001 ya wallafa abin da ke ciki, aka ga babu suna babu fayil, lambar lasisi ce da hoton yatsan na'urar kawai.

Amma tsoron bai zama na banza ba. A 2006 aka gano wata manhajar Microsoft mai duba ko Windows ɗinka na asali ne, Windows Genuine Advantage, tana tuntuɓar sabar kamfanin kullum ba tare da an gaya wa masu kwamfuta ba, kuma ta hanyar afdet ta shigo musu. Kamfanin ya amsa hakan a watan Yuni na shekarar, aka kai ƙara kotu a Amurka ana kiranta manhajar leƙen asiri, suka rage abin. A Agustan 2007 kuma sabar ta samu matsala ta riƙa cewa masu lasisin gaske ma jabu ne. Abin da na ɗauka a nan shine, duk ƙofar da aka buɗe don a duba lasisi ba kai ke riƙe da ita ba, yau abu kaɗan ke fita, gobe in an ƙara ba lallai a nemi izininka da harshen da za ka gane ba. Shi aktibeshan ɗin kansa a yau bai ɗaga min hankali sosai ba, bayanin na'ura ne da lambar lasisi da adireshin intanet ɗin da ka shigo ta kai. Abin da aka ɗaura a jikinsa ne matsalar, wato asusu.

Tun Windows 10 da ta fito a 2015 lasisin ya koma abin da suke kira na dijital, sabar Microsoft ce ke tuna cewa wannan na'urar ta biya. Daga 2016 aka ba da damar ka ɗaure lasisin da asusunka na Microsoft don in ka canja madabod ka dawo da shi. Sai Windows 11 ta zo a Oktoban 2021, tun wajen saitin farko tana neman intanet da asusu. Shi kuma asusu imel ɗinka ne ko lambar wayarka, lambar wayar kuwa mu a Ghana an riga an ɗaure ta da Ghana Card, kun ga hoton yatsan na'urar nan da ba shi da suna a 2001 yanzu ya samu suna. Kuma 'yan uwa ku kula da wannan don shine ya fi faruwa a garin nan: shaguna da yawa in sun zo wajen asusu, don sauri sai yaro ya shiga da imel ɗinsa ko ya ƙirƙiro wani da lambar wayarsa, kai ba ka san kalmar sirrin ba. Kenan Office ɗin da ka biya da kuɗinka a sunansa yake, ranar da ya bar shagon ko ya canja layi lasisinka ya bi shi. A wannan shagon da muka zo wajen, matashin ya turo min kibod ya ce Anti ke za ki buga, ya juya baya yana kallon titi har na gama, lambar tabbatarwa ma a wayata ta shigo. Ƙaramin abu ne amma na ga tarbiyya a ciki.

A destof ɗin da ke ɗauke da takardun jama'a ban yarda a haɗa Windows da asusu ba sam, kuma da yake Pro ce akwai hanya ta halal, ya zaɓi saitin wajen aiki ya buɗe min asusun cikin gida wanda bai fita daga na'urar. Office ne babu makawa sai da asusu ake karɓar lasisinsa, sai muka shiga a cikin Office kaɗai. Ya nuna min dalilin da zai sa mai irin aikina ya yi hattara. In ka shiga Windows 11 da asusu, OneDrive na iya fara kwafe abin da ke Desktop da Documents da Pictures zuwa sabar kamfanin, ga mai hotunan biki wannan taimako ne, ga mai fasfon mutane a Desktop kuwa ka fitar da takardun wasu daga ƙasar ba su sani ba. Sannan tun sigar Windows 11 da ake kira 24H2, in sabon sakawa ne aka shiga da asusu, na'urar kan kulle had disk da kanta, mabuɗin ceto mai lambobi 48 ya tafi cikin asusun. Kullewar abu ne mai kyau in an sace laftof, amma in asusun na yaron shago ne toh mabuɗin ɗakin ajiyarka na hannunsa. Nawa na laftof ya sa na kwafe a takarda na adana a gida.

Muka shiga Settings wajen Privacy ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya, ya kashe lambar talla, ya kashe ƙarin bayanan da na'urar ke aikawa na zaɓi, ya kashe wurin da nake. Ya kuma gaya min ƙarara cewa akwai kason da suke kira na dole, a Home da Pro ba a iya kashe shi gaba ɗaya, sai masu Enterprise da Education. Wannan bai min daɗi ba kuma ba zan ɓoye ba. Na biya cikakken kuɗi, amma babban kamfani ne ke da ikon cewa kar a aika komai, mai ƙaramin shago a Aboabo ba shi da shi. Turawa ma sun yi ƙorafi, hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ja kunnen Microsoft a Yulin 2016 kan yawan bayanan da Windows 10 ke tarawa, sai da aka yi gyara suka rufe maganar a 2017. Su suna da hukumar da kamfanin ke saurara in ta yi tari. Ina fata tamu ma ta kai wannan matsayin, don mu ma mutane ne.

Sun so in ɗauki Microsoft 365 na biyan shekara-shekara, na ƙi. Ba don kuɗin kaɗai ba. Shi dole na'urar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 ta tabbatar kana biya, in ba haka ba Word ya koma na karatu kawai, ba ka iya rubutu. Mu da muka ga dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, muka kuma ga abin da ya faru a Maris ɗin 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ƙasar nan ta shiga wahala kwana da kwanaki, mun san haɗin nan ba abin dogaro bane. Kuma ikon na wajen mai sabar. Adobe, masu Photoshop, ta rufe sabar aktibeshan ta tsoffin manhajojinta na CS2 a ƙarshen 2012, sai da ta fitar da wata siga ta daban don waɗanda suka saya su iya sake sakawa. A Oktoban 2019 kamfanin ya sanar zai rufe asusun duk masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka, daga baya aka janye, amma masu zane a can da ba ruwansu da siyasa sun kwana da fargabar kayan sana'arsu. Shi yasa na zaɓi na saye sau ɗaya, ya yi aktibet ya bar ni in yi aikina.

Yanzu abin da ban so ba a shagon. Wurin a matse yake, matakalar ba ta tsofaffi bace, kujerar baƙi ba ta isa, kuma in ka zo da rana za ka jira sosai. Wayfay ɗinsu na jan ƙafa, da afdet ya taso sai da na kunna data ta wayata ya cinye min ba kaɗan ba, da sun faɗa tun farko da na shirya. Duk bayanin nan da na samu daga mutum ɗaya ne, ina zaune na ga ɗayan ma'aikacin yana saita wa wani dattijo laftof, danna gaba danna gaba kawai yake, duk abin da allo ya tambaya ya amince, bai ce wa bawan Allahn uffan ba. Kibod ɗin Larabci sai da na tuna musu alhali rabin aikina na makarantun islamiyya ne, na Hausa mai ɗ da ƙ da ɓ kuwa ni na nuna musu Windows na da shi.

Wanda ya fi damuna shine ajiyar fayil kafin fomatin. Al'adarsu su kwashe fayilolin mutum su zuba a wani had disk na shago, in sun gama su mayar, kuma na ga disk ɗin cike da foldoji masu sunayen mutanen da suka zo kafin ni. Na ce sam, nawa na zo da shi a jaka, a nan za a zuba. Da Alhaji ya shigo na gaishe shi na ce Alhaji don Allah ka yi haƙuri in faɗi wata magana, shagon da ya juya baya don kar ya ga kalmar sirrina bai kamata ya tara takardun mutane a disk ɗaya da kowane yaro ke iya buɗewa ba. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, ya ce Hajiya kin yi gaskiya, za a riƙa gogewa a gaban mai kaya. Na ji daɗin yadda ya karɓa, amma duk wanda zai je ya tsaya ya ga an goge da idonsa.

Tsohuwar na'urar ta uku ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don ana neman wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ita kuwa na 6 ce. Windows 10 kuma an daina ba ta afdet na tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, ƙarin wa'adin da aka ba masu amfanin gida shi ma sai da asusun Microsoft. Matashin bai ce in jefar in sayi sabuwa ba, Linux Mint ya saka mata a madadin Windows da LibreOffice a madadin Office, kyauta ne na halal, babu aktibeshan babu asusu, kuma ta gane firintata ba tare da wahala ba. Wasiƙa da siibii da jarabawa tana yi tsaf, yarinyar da ke taya ni aiki ta saba da ita da wuri. Inda take ba da matsala shine in mutum ya kawo fayil ɗin Word mai tebura da yawa, layuka kan goce sai an zauna an gyara, kuma Corel ba ya hawa kanta, don haka katin biki da fosta na suna har yanzu ina koyon Inkscape, manhajar zane ta kyauta, a hankali, masu gaggawa ina tura su wajen maƙwabcina.

In za ku je ku je da safe kafin Adum ya cika, ranar Juma'a suna rufewa a tafi masallaci sai bayan an sauko. Ku riƙe had disk ko babban fulash naku, da imel ɗinku da kuka san kalmar sirrinsa, da wayar da layin ke ciki, da isasshiyar data, kuma kafin ku ciro ko sidi ɗaya na Windows ku ce a fara duba ko madabod ɗin na da lasisi a ciki.